Zauren da Ba Kowa a Ciki: Yadda Mutanen Nebraska Suka Zama Majalisa ta Biyu

A tsakiyar ginin majalisar dokokin jihar Nebraska, a birnin Lincoln na ƙasar Amurka, akwai zaure biyu da ke kallon juna. Na yamma shi ne mai rai. Daga watan Janairu har zuwa ƙarshen zaman shekara, nan sanatocin jihar su 49 ke taruwa, a yi muhawara, a yi cacar baki, a kaɗa ƙuri'a. Na gabas kuwa, mai manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa siffar mace da namiji na 'yan asalin ƙasar a jikinsu, ba a yin doka a cikinsa. An tanade shi domin majalisar dattawan jihar, amma dattawan ba su daɗe ba aka sallame su. An kammala ginin a 1932, a 1934 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'ar soke ɗaya daga majalisun biyu, a 1937 aka fara zama a zaure ɗaya. Yau sai taro ko biki ne ke buɗe waɗancan ƙofofi.

Cikin jihohi 50 na Amurka, Nebraska ce kaɗai ke da majalisa guda. Idan baƙo ya tambayi ina ta biyun take, amsar da ya fi ji daga bakin 'yan majalisa da malaman makaranta da masu zagayawa da baƙi ita ce: ai jama'a su ne majalisa ta biyu. Irin wannan magana kowane ɗan siyasa a duniya ya iya ta. Abin da ya sa ta Nebraska ta cancanci a tsaya a kanta shi ne an ɗaure ta da ƙa'idoji, an ba ta rana da lokaci da ɗaki da kujera.

Mutumin da ya ja ragamar wannan canji shi ne George Norris, ɗan garin McCook, wanda ya wakilci jihar a majalisar dattawan tarayya daga 1913 zuwa 1943. Hujjarsa ta farko ta tarihi ce. Majalisu biyu gado ne daga Ingila, inda aka ware zaure ɗaya domin masu sarauta, ɗaya domin sauran mutane. Jihar da ba ta da masu sarauta, mutane iri ɗaya ke zaɓen wakilan zaurukan biyu, me za ta yi da maimaita aiki ɗaya sau biyu? Amma abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne kwamitin sasantawa. A tsarin majalisu biyu, idan kowace ta zartar da nata nau'in doka, sai a zaɓi mutane ƙalilan daga nan da can su shiga ɗaki su rufe ƙofa su daidaita. Ba a rubuta wanda ya ce me, ba a san wanda ya cire wane sashe ba. Abin da suka fito da shi sai dai a karɓa ko a ƙi, ba gyara. Norris ya ga cewa nan ne masu kuɗi da manyan kamfanoni ke samun yadda suke so, kuma nan ne ɗan majalisa ke samun mafaka: ya goyi bayan doka a bainar jama'a, ya san za a binne ta a ɗaki.

Ya karaɗe jihar da motarsa a shekarar 1934, lokacin da fari da karyewar tattalin arziki suka haɗu suka durƙusar da manoma. Yawancin jaridun jihar ba su goyi bayansa ba, shugabannin manyan jam'iyyu biyu ma haka, domin shawarar ta haɗa da cire sunan jam'iyya daga takardar zaɓen ɗan majalisa. Duk da haka kusan kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka amince. Wakilai 133 suka koma 43. Kwamitoci 61 suka koma 18. Kuɗin da aka kashe a zaman farko na 1937 bai wuce kimanin rabin na zaman da ya gabace shi ba. Daga baya, a shekarun 1960, aka ƙara kujerun zuwa 49.

To, an rushe katangar da ke tare gaggawa, wato zaure na biyu, da me aka maye gurbinta? Nan ne gundarin labarin yake.

Duk ƙudurin doka da sanata ya gabatar a Nebraska, in ban da 'yan ƙalilan na gyaran rubutu, dole a yi masa zaman jin ra'ayin jama'a. Shugaban kwamiti ba shi da ikon ya jefa ƙuduri a aljihun tebur don ba ya son sa, kamar yadda ake yi a majalisu da yawa, har da majalisar tarayyar Amurka. Dole a sanar da ranar zaman aƙalla kwana bakwai kafin ta zo. Kuma ba gayyata ake yi ba. Duk wanda ya iso ɗakin, ya cike 'yar takarda da sunansa, yana da damar ya zauna a kujerar da ke fuskantar sanatoci ya faɗi abin da ke ransa. Wanda ya kawo ƙudurin shi ke buɗewa, sai masu goyon baya, sai masu adawa, sai waɗanda ba su ɗauki ɓangare ba amma suna da bayani. A kan teburin akwai fitilu uku. Kore ta kama, ka fara. Rawaya ta kama, saura minti ɗaya. Ja ta kama, ka tsaya. Minti uku ne ko biyar, gwargwadon yawan mutane da hukuncin shugaban kwamiti. Kafin ka ce komai za a nemi ka faɗi sunanka ka kuma jera haruffansa ɗaya bayan ɗaya, domin duk kalmar da ta fito daga bakinka za a rubuta ta, ta shiga kundin majalisa, inda lauya ko alƙali ko ɗan jarida zai iya nemo ta bayan shekara ashirin.

Wannan jera haruffan suna ƙaramin abu ne, amma ni a wurina ya fi duk adon ginin nauyi. Shugaban banki zai jera nasa, mai gadin makaranta zai jera nasa, uwar da ɗanta ke gidan yari za ta jera nata, fitilar kuma ba ta san wani ba. Minti uku ba su da yawa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa a cikin waɗannan mintuna ne sanata ke fara jin yadda layi ɗaya a takarda zai faɗa a kan gidan wani.

Bayan kwamiti, ƙuduri sai ya tsallake muhawara da ƙuri'a har mataki uku a zauren kafin ya isa teburin gwamna. Kundin tsarin mulkin jihar ya hana a haɗa batutuwa daban-daban a doka ɗaya, ya kuma hana a zartar da ƙuduri kafin kwana biyar na zaman majalisa da gabatar da shi. Ko lokacin da kwamiti ya keɓe domin yanke shawara, inda ba a barin jama'a su shiga, al'adar majalisar ita ce a bar 'yan jarida su zauna su ba da rahoto. Tashar talabijin ta jama'ar jihar tana watsa zaman zauren da na kwamitoci kai tsaye. An rage zaure, an ƙara tagogi.

Shi kansa ginin an yi shi ne domin a shiga. Shi ne na uku a wannan fili. Biyun farko ba a gina su da ƙwari ba, suka fara zubewa tun ba a je ko'ina ba. Da aka tashi yin na uku sai aka yi gasar zane, Bertram Goodhue na New York ya lashe da wani tsari da ba a saba gani ba: maimakon ƙatuwar kubba irin ta Washington da yawancin jihohi suka kwaikwaya, sai ya shimfiɗa gini mai kusurwa huɗu, ya tsayar da hasumiya mai tsawon ƙafa 400 a tsakiya, wadda matafiyi ke hangowa daga nesa a wannan ƙasa mai shimfiɗe kamar faifai. An fara aiki a 1922, aka ɗauki shekara goma, aka kashe ƙasa kaɗan da dala miliyan 10, ba tare da cin bashi ba. Abin da haraji ya kawo a shekara, shi ake ginawa da shi. Goodhue bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1924. A saman babbar ƙofar arewa an sassaƙa jimla ɗaya ta Hartley Burr Alexander, malamin falsafa a jami'ar jihar, mai nuna cewa tsirar jiha tana ga sa idon ɗan ƙasa.

Ana zagayawa da baƙi kyauta. Kowa na iya hawa hasumiyar zuwa hawa na 14 ya kalli birnin da gonakin da suka kewaye shi. Duk shekara ana kawo 'yan aji huɗu na firamare daga sassan jihar cikin motocin makaranta, su zauna a benen 'yan kallo, mai jagorantar zama ya dakatar da muhawara ya ambaci sunan makarantarsu da sanatan yankinsu, su miƙe a tafa musu. A barandun ginin akwai gumakan fitattun mutanen jihar. Cikinsu akwai Standing Bear, shugaban ƙabilar Ponca, wanda a shari'arsa ta 1879 a Omaha alƙalin tarayya ya yanke cewa ɗan asalin ƙasar shi ma mutum ne a idon doka. A 2024 aka ƙara da na Malcolm X, wanda aka haifa a Omaha a 1925, bayan shekaru ana kai sunansa ana mayarwa.

Wanda ke son ganin majalisa ta biyu tana aiki, ya dubi watan Nuwamba na 2011. Kamfanin TransCanada na shirin shimfiɗa bututun mai na Keystone XL daga lardin Alberta na Kanada, ya ratsa yankin Sandhills, wato tuddan yashi da ciyawa ta lulluɓe, inda makiyayan jihar ke kiwon shanu. A Nebraska shanu sun ninka mutane kusan sau uku, kuma ƙarƙashin wannan yashi ne tafkin ruwan ƙasa na Ogallala yake, wanda mutane ke sha, dabbobi ke sha, gonaki ke sha. A wasu wurare ruwan yana kusa da doron ƙasa ƙwarai. Makiyayan nan yawancinsu masu ra'ayin riƙau ne, ba su da wata jituwa da 'yan fafutukar kare muhalli na birni, amma maganar ruwa ta haɗa su. Suka matsa har gwamna Dave Heineman ya kira zaman gaggawa na majalisa. Suka baro garkunansu suka cika ɗakunan kwamiti, wasu zaman suka kai dare. Kafin a tashi daga wannan zama kamfanin ya amince zai kauce wa Sandhills, majalisa kuma ta yi dokar da ta ba jihar bakin magana kan hanyar da manyan bututun mai za su bi. Gaskiya ne matsin lamba daga Washington ya taimaka, kuma rigimar ta ci gaba har shekara goma kafin a watsar da aikin baki ɗaya a 2021. Amma a wancan watan, mutanen da bututun zai bi ta gonakinsu sun zauna gaban masu yin doka, ido da ido, an kuma rubuta abin da suka faɗa.

Majalisa ta biyu ba ta tsaya ga magana ba, tana da haƙora. Tun 1912 mutanen jihar ke da ikon su tara sa hannu su kawo doka da kansu a kaɗa mata ƙuri'a, ko su soke wadda majalisa ta yi. Labarin hukuncin kisa shi ya fi nuna kaifinsu. Ernie Chambers, wanzami daga arewacin Omaha, wanda ya shafe shekara 46 a majalisar kuma tsawon lokaci shi kaɗai ne baƙar fata a cikinta, ya yi ta kawo ƙudurin soke hukuncin kisa shekara bayan shekara. A watan Mayu na 2015 ya samu abin da yake nema. Gwamna Pete Ricketts ya hau kujerar na ƙi, majalisa ta danne shi da ƙuri'a 30 da 19, daidai adadin da ake buƙata, ba rarar ko ɗaya. Ba a rufe wata huɗu ba masu son hukuncin suka tara sa hannu fiye da 140,000, gwamnan da kansa ya zuba ɗaruruwan dubban daloli daga aljihunsa. A zaɓen Nuwamba na 2016 kimanin kashi 61 cikin 100 na masu zaɓe suka dawo da hukuncin, a 2018 aka zartar da shi a kan wani fursuna. Duk ɓangaren da mutum yake a wannan batu, zai ga abu biyu a nan: jama'a sun iya juya hukuncin wakilansu, kuma tara sa hannu aiki ne mai cin kuɗi, wanda mai hannu da shuni ya fi kowa iya ɗaukar nauyinsa. Ta wannan hanya dai masu zaɓe suka faɗaɗa inshorar lafiyar marasa ƙarfi a 2018 bayan majalisa ta yi ta ƙi, suka kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi a 2022.

Mai karatu a Najeriya zai ga wani abu da ya sani a nan. Majalisun dokokin jihohinmu 36 duk zaure ɗaya ne. Tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade kada wakilai su gaza 24, kada su wuce 40. A da, tsohuwar Jihar Arewa tana da biyu, ta wakilai da ta sarakuna, a ginin Lugard Hall na Kaduna. Wato siffar da Nebraska ta yi yaƙi ta samu, mu a hannu muka tsince ta. Abin da ba mu ɗauko tare da ita ba shi ne birkin. Kowa ya ga yadda dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu a Kano a watan Mayu na 2019 ta wuce cikin 'yan kwanaki, kowa kuma ya ga yadda wadda ta rushe su a watan Mayu na 2024 ta wuce da irin wannan sauri, gwamna ya sa hannu a ranar da aka zartar. Ba ina maganar wace ce daidai ba. Ina maganar cewa al'amarin da ya shafi miliyoyin mutane da tarihin ɗaruruwan shekaru ya cancanci sanarwar kwana bakwai da kujera ɗaya da kowa zai iya zama a kai. Zaure ɗaya da ba dolen sauraro a cikinsa hanya ce mai santsi, duk wanda ke riƙe da mulki zai gangara da abin da yake so.

Sai dai kada a ɗauka komai lafiya lau yake a Lincoln. Albashin sanata dala 12,000 ne a shekara, bai motsa ba tun 1988, domin yana cikin tsarin mulki kuma masu zaɓe sun ƙi ƙarawa. Sakamakon shi ne kujerar ta fi dacewa da mai dukiya, ko mai ritaya, ko wanda wani ke ciyar da gidansa. A shekarar 2000 aka ƙayyade wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu a jere. Kafin sabon sanata ya gane kan kasafin kuɗi, lokacinsa ya ƙare. Waɗanda ba su da wa'adi su ne masu kamun ƙafa na kamfanoni da ƙungiyoyi, waɗanda ke tsaye kullum a farfajiyar da ke bakin zauren, bayan ƙofofin gilashi, suna aika 'yar takarda a kira musu sanata. Su sun san tarihin kowace doka, sun san wanda za a taɓa. Talaka ya zo sau ɗaya da minti ukunsa, su suna nan kwana 90 a shekara mai mara, kwana 60 a shekara mai cika.

Batun rashin jam'iyya ma ya fara sanyi. Har yanzu ba a rubuta jam'iyya a takardar zaɓe, ba a raba kujerun zaure gida biyu, kuma da ƙuri'ar sirri ake zaɓen kakaki da shugabannin kwamitoci domin sanata ya zaɓi wanda ya cancanta ba tare da tsoron uwar jam'iyya ba. Amma kowa ya san inda kowa yake, kuma kusan duk lokacin da aka buɗe sabon zama sai an yi yunƙurin soke ƙuri'ar sirrin. A 2023 rikici kan dokokin zubar da ciki da na sauya jinsin yara ya kai ga wata sanata, Machaela Cavanaugh, ta yi ta jan muhawara a kan kusan kowane ƙuduri har tsawon makonni, tunda sai da ƙuri'a 33 ake iya tsayar da mai magana. Da lokaci ya ƙure, sai aka riƙa cusa ƙudurori da yawa cikin ɗaya a wuce da su a dunƙule. A zaman jin ra'ayi na waɗannan batutuwa masu zafi kuwa, an ƙayyade sa'o'in kowane ɓangare, mutane da dama suka wuni a layi suka koma gida ba a ji su ba. A 2024 masu zaɓe suka amince da dokar hutun rashin lafiya mai albashi da gagarumin rinjaye, shekara na zagayowa majalisa ta tara kashi biyu cikin uku da tsarin mulki ya nema ta cire ƙananan wuraren aiki da wasu rukunin ma'aikata daga cikinta. Waɗanda suka sha rana suna tara sa hannu sun ji zafin wannan, kuma suna da dalili.

Akwai kuma matsalar da ba dokar da ta warware ta, wato nisa. Yawancin zaman jin ra'ayi da ƙarfe ɗaya da rabi na rana ake fara su, a ranakun aiki, a tsakiyar hunturu. Ma'aikacin mayankar shanu a Grand Island, wanda wataƙila daga Somaliya ko Sudan ko Guatemala ya zo, sai ya bar aikin yini kafin ya halarta. Majalisa ta buɗe hanyar aika ra'ayi ta intanet a saka shi cikin kundi, hakan ya rage wani abu, amma rubutu ba ya kallon sanata a ido, sanata kuma ba ya iya yi masa tambaya.

A ƙololuwar hasumiyar akwai gunkin tagulla na wani manomi, tsawonsa ya haura ƙafa 19, aikin masassaƙi Lee Lawrie, ya rataya jakar iri yana watsawa da hannu. Fuskarsa na kallon arewa maso yamma. Can ne Sandhills suke, can gaba kuma garuruwa irin su Chadron da Scottsbluff, waɗanda ke da tazarar fiye da kilomita 600 daga Lincoln, har agogonsu ma yana bayan na majalisa da awa ɗaya. Makiyayin da ke can, idan ya ga sanarwar ƙudurin da zai taɓa rijiyarsa ko harajin filinsa, yana da kwana bakwai ya nemo wanda zai ba shanunsa ciyawa, ya duba ko ƙanƙara ta rufe hanya, ya tashi tun kafin asuba, ya yi tuƙin awa shida ko bakwai, ya cike takarda, ya jira a kira shi.